Kada Ku Toshe Bakin Kuskure

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, maza da mata, akwai wasu layuka uku da na taɓa rubutawa waɗanda har yau in na tuna su sai gabana ya faɗi. Ina so ku ji labarinsu tun hannunku bai saba da irinsu ba.

A farkon shigata sana'ar nan wata ƙungiya ta ba ni aiki. Tana yi wa manoma rajista ne domin rabon taki kafin faɗuwar damina. Daga gundumomi ake turo bayanan, kowane manomi da fayil ɗinsa na XML: sunansa, ƙauyensu, girman gonarsa. Nawa aikin shi ne in rubuta shirin da zai karanta fayilolin ɗaya bayan ɗaya ya zuba su a rumbun bayanai, daga nan a buga takardar sunaye. Da Python na rubuta. Ranar gwaji shirin ya kama tafiya lafiya lau, can sai ya tsaya cik, ya zubo dogon rubutu a allo. Ga lokaci ya ƙure, hadari ya fara haɗowa a gabas, mai gidan aikin sai kira yake yi. Sai na kewaye wurin karatun da try, na sa except a ƙasansa, na rubuta continue. Wato in fayil ya ƙi karantuwa a tsallake shi a wuce, kada a gaya wa kowa. Shirin ya tafi sumul har ƙarshe. Aka buga takarda aka kai ƙauyuka.

Ranar rabo wani dattijo ya zo da buhunsa a naɗe a hammata. Aka duba sama da ƙasa, babu sunansa. Ya ce wallahi ya yi rajista, ya ma faɗi ranar kasuwar da aka yi ta. Ya koma gefe ya tsuguna a inuwar bango yana jira. Bayansa sai ga wata baiwar Allah, ita ma babu. Da yamma aka turo mini sunayen waɗanda aka rasa, an rubuta da biro a fallen littafin makaranta. Ina bi ina karantawa: Mu'azu, Sa'adatu, Isma'ila, Rabi'u, Asma'u. Sai da na kusa ƙasan takardar sannan idona ya kama abin da ya haɗa su. Kowane suna yana ɗauke da ɗan waƙafin nan na sama, alamar hamza.

Ga abin da ya faru. A ofishin gunduma ɗaya, mai shigar da bayanai a Word yake fara buga sunaye, shi kuwa Word yakan mayar da miƙaƙƙen waƙafi lanƙwasasshe ba tare da an sa shi ba. Sannan aka adana fayilolin da tsohon tsarin haruffa na Windows-1252, inda wannan waƙafi bayit ɗaya ne, lamba 92 a ƙidayar hex. Amma layin farko na kowane fayil yana shelar cewa UTF-8 ne, alhali a UTF-8 babu harafin da ke farawa da wannan bayit. Manhajar da ke tsefe XML, wadda 'yan sana'a ke kira faza, ni kuma nake ce mata matsefi, ta yi aikinta ba ragi. Ta tsaya, ta faɗi layi, ta faɗi gurbin da ta ci karo da matsalar. Ni ne na sa hannu na toshe mata baki.

Matasa da yawa kan ji haushin tsaurin XML, ganin cewa HTML ba haka yake ba. Ka manta rufe tag a shafin intanet, burauza za ta yi hasashen abin da kake nufi ta nuna shafin. XML kuwa, tag ɗaya ya zauna a buɗe, aiki ya tsaya. Ba rashin dabara ba ne, da gangan aka yi. Lokacin da kwamitin W3C ke tsara XML an yi doguwar muhawara a kan wannan a 1997, kuma Tim Bray, ɗaya daga cikin editocin ƙa'idar tare da Jean Paoli da Michael Sperberg-McQueen, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan tsauri. Ƙa'idar da ta fito ranar 10 ga Fabrairu, 1998 ta yanke cewa in matsefi ya gamu da kuskuren da ya karya ginin takarda, yana iya ci gaba da lalubo wasu kurakuran domin ya kai rahoto, amma ba shi da izinin ci gaba da miƙa bayanai kamar babu abin da ya faru. Ni ina ganin sun yi daidai. Shafin labarai in ya ɗan karkace, mai karatu zai gane da idonsa. Saƙon kuɗi tsakanin bankuna, irin na tsarin ISO 20022 da ake rubutawa da XML, ko fom ɗin da ma'aikatan lafiya ke cikawa a waya da ODK, babu idon da ke kallonsu lokacin da suke wucewa daga na'ura zuwa na'ura. In aka bar kowace manhaja ta yi nata hasashen, biyu za su karanta takarda ɗaya su fito da adadi biyu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To, tunda matsefi zai yi ƙorafi, abin koyo shi ne sauraro. Kuma farkon sauraro shi ne ka daina yarda da abin da aka ce maka an turo, ka buɗe ka gani. Sau da yawa abin da ya karya shirinka ba XML ba ne sam. Ka nemi bayani daga wata saba, ita kuma ta gaji ta mayar maka da shafin HTML mai cewa a sake gwadawa an jima, kai kuma ka ɗauka ka danna wa matsefi. Ko sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, fayil ya iso rabi. Ko an ɗauke wuta ana cikin rubuta shi, ya zauna fanko. A Python fayil fanko yakan jawo ƙorafin cewa ba a sami komai ba a layi na 1, gurbi na 0. Na ga yaro ya kwana yana jujjuya kod ɗinsa saboda wannan saƙo, alhali da ya duba girman fayil ɗin da ya ga sifili ne. Saboda haka kafin ka taɓa layi ɗaya na shirinka, adana ainihin abin da ya iso, ka duba girmansa, ka leƙa bayit ɗari biyu na farko da na ƙarshe da xxd ko makamancinsa. Editan rubutu yakan ɓoye maka abubuwa, yana nuna maka fayil tsaf alhali akwai bayit uku, EF BB BF, zaune a gaban alamar farko. Wannan ita ce alamar BOM da wasu manhajojin Windows ke maƙalawa. In ka miƙa wa matsefi ɗanyen bayit ya san yadda zai yi da ita. In kuwa ka riga ka mayar da fayil ɗin rubutu da kanka sannan ka miƙa, a Java za ka ga saƙon nan da ya hana mutane da yawa barci, Content is not allowed in prolog. Ko fili guda ɗaya da ya riga layin shela ya isa ya tsayar da aiki. Gani ya kori ji.

Ina so in daɗe kaɗan a kan haruffa, domin mu masu rubuta Hausa abin ya fi shafarmu. Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 da 99. Harafin ɗ kuma C9 da 97, ɓ kuwa C9 da 93. Tsarin Windows-1252 ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. In aka tilasta masa adana su, sau da yawa alamar tambaya yake sakawa a gurbinsu, kuma harafin ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi. In kuma fayil ɗin UTF-8 ne na gaskiya amma aka karanta shi da tsohon tsarin, sai ƙ ta koma Æ™, ka ga sunan unguwa ya zama wani abu da ba ya karantuwa. Ku lura da kyau, wannan na biyun ba ya tayar da ƙorafi ko kaɗan. Ginin takarda lafiyarsa ƙalau, matsefi ya wuce, ɓarnar ta shiga rumbu ta kwanta. Kuskuren da ya yi ihu ya taimake ka. Wanda ya shige shiru shi ne za ka ji labarinsa bayan wata uku daga bakin wanda aka ɓata wa suna a takardar shaida. Shi ya sa nake cewa ku bar matsefi ya karanta bayit da kansa, ya bi abin da layin shela ya faɗa, kada ku yi masa fassara a hanya.

Sauran masu karya gini sanannu ne, ba sai na ja ba. Alamar & da ke cikin sunayen shaguna irin su wane & Sons dole a rubuta ta &. Inkiyoyin da XML ya sani tun asali guda biyar ne kawai, kuma   da kuka saba gani a HTML ba ya cikinsu. Akwai haruffan sarrafawa marasa ganuwa da kan biyo rubutun da aka kwafo daga wani wuri, waɗanda XML 1.0 ya haramta gaba ɗaya in ban da guda uku: na tab, na sabon layi da na komawa farkon layi. Sunan Sa'adatu ma, in aka sa shi a matsayin sifa tsakanin waƙafi ɗai-ɗai, hamzarsa za ta rufe sifar tun ba a gama sunan ba. Kusan duk waɗannan daga wuri ɗaya suke fitowa: wani ya gina XML da hannu, yana liƙa guntayen rubutu. Kada ku yi haka ko da fayil ɗin layi biyar ne. Laburaren da ke karantawa ya iya rubutawa.

Sai maganar layi da gurbi. Kowane matsefi na kirki yana ba da su. A Python suna cikin position na ParseError, layi daga 1 ake ƙirga shi, gurbi daga 0. A Java SAXParseException na ɗauke da su, haka XmlException a .NET. Amma ku riƙe wannan: wurin da aka faɗa maka shi ne inda matsefi ya farga, ba lallai inda aka yi kuskuren ba. In an manta rufe tag a layi na 40, zai yi ta tafiya da kyakkyawan zato har sai ya iske wani tag na rufewa da bai dace ba, wataƙila a layi na 300. Kamar mai bin sawun akuya ne, inda sawun ya ɓace ba nan ta tsinke igiya ba, sai ka koma baya. Wasu fayilolin kuma layi ɗaya ne tal mai tsawon gaske, lambar layi ba ta da amfani, gurbin ne zai kai ka. Ka yanko haruffa kamar arba'in kafin gurbin da arba'in bayansa ka zuba musu ido. Sannan ka nemi shaida ta biyu: ka ba xmllint fayil ɗin. In shi ma ya ƙi, laifin na fayil ne. In ya karɓa, ka dawo gida ka binciki yadda kake miƙa shi.

Yanzu ga inda na fi son ku buɗe kunne. Ba kai kaɗai ke iya toshe bakin kuskure ba, wasu kayan aikin a toshe suke zuwa. A Java akwai matakai uku na rahoto: warning, error da fatalError. Karyewar gini tana zuwa ta na uku, shi kuwa yana tsayar da aiki. Amma saɓa wa sikima, wato ƙa'idar da ta ce dole a sami suna, dole girman gona ya zama lamba, ta na biyu take zuwa, kuma DefaultHandler ba ya yin komai da ita. Sai ka kunna tantancewa, ka kwanta da murna, alhali takardu marasa inganci suna ta wucewa. Dole ka rubuta naka mai karɓar rahoton. A burauza, DOMParser ba ya jefa ƙorafi in XML ya lalace, takarda yake mayar maka mai ɗauke da parsererror a ciki, in ba ka neme shi ba ba za ka sani ba. A PHP, simplexml_load_string yana mayar da false, kuma sai ka kunna libxml_use_internal_errors sannan ka tattara bayanin da libxml_get_errors. A ElementTree na Python, in ka nemi abu da find bai samu ba, None zai ba ka shiru, sai can gaba shirin ya faɗi a wani wuri da ba ruwansa. Mafi yawan lokuta kuma abin yana nan, sunan danginsa ne ba ka ambata ba, wato xmlns da aka shelanta a saman takarda. Duk laburaren da ka ɗauka, tambayar farko da za ka yi masa ita ce: in abu ya lalace, ta wace ƙofa kake faɗa? Kada ka jira ranar aiki. Lalata fayil da hannunka ka ba shi ka gani.

In ka tashi kama ƙorafi, kama wanda ka san abin da za ka yi da shi, ka ambace shi da sunansa. Except tsirara tarun kamun kifi ne, yana kwaso har da kuskuren da kai ka tafka a kod ɗinka, sai ka ɗora wa mai turo fayil laifin da ba nasa ba. Rashin samun fayil daban, karyewar gini daban, saɓa wa sikima daban, gona mai girman da hankali ba zai ɗauka ba daban, kuma kowanne da wanda za a kira a waya. In za ka sake jefa ƙorafin da naka bayanin, ka ɗaura na asali a jikinsa. Python na da raise tare da from domin haka, Java na da cause. Wanda ya yar da na asali ya share sawun da zai bi gobe.

Rahoton kuskure wasiƙa ce, kuma masu karanta ta biyu ne. Na farko ma'aikaciyar da ke zaune gaban allo a ofis. Ita ba ta da buƙatar sawun kod mai layi hamsin. Ce mata fayil kaza daga gunduma kaza bai shiga ba, akwai harafin da bai dace ba kusa da suna, a sake turowa, ga lambar da za ta faɗa in ta kira. Na biyu kai ne, ko wanda zai gaje ka, da ƙarfe biyun dare, janareta na ƙara, ba ka tuna komai game da shirin. Shi wannan a rubuta masa komai a kundin log: sunan fayil, daga ina ya zo, yaushe, girmansa, layi, gurbi, ainihin kalaman matsefi ba tare da an gyara su ba, da cikakken sawun. Saƙon da ya ce an sami matsala kawai, marabarsa da shiru kaɗan ce. Sai dai a kula da amana. Fayilolin nan na ɗauke da lambar NIN, da BVN, da lambar waya, wani lokaci har da ciwon da mutum ke fama da shi, shi kuwa log hannaye da yawa ke taɓa shi. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, amma ko babu doka, wanda ya ba ka sirrinsa domin taki bai ba ka domin a baza a kundi ba. Ka killace fayil ɗin da ya lalace a wuri mai makulli, log ya nuna inda yake kawai.

Ba na cewa duk fayil ɗaya da ya lalace dole ya tsayar da dubu. Tsallakewa halal ne, ɓoyewa ce haram. Ka tsallake, amma ka ƙirga. A ƙarshen kowane zagaye shirin ya faɗi nawa suka iso, nawa suka shiga, nawa aka killace, kuma biyun ƙarshe in an haɗa su ba da na farko. Da na sa wannan lissafi na layi ɗaya a wancan aiki, da tun daren na ga giɓin. Haka in kana karanta babban fayil guntu-guntu, da SAX ko iterparse, ka tuna kuskure na iya fitowa bayan ka riga ka zuba rabi a rumbu. Ka shirya yadda ko duka su shiga ko a janye duka, in ba haka ba ranar da aka sake turowa rabin farko zai shiga sau biyu.

Za ku ci karo da wata dabara mai daɗin baki. Laburaren lxml na da recover, wanda in an kunna shi zai lallaɓa ya karanta fayil ko da ya karye. Yana da ranarsa, misali in ana ceto tsofaffin bayanai da babu mai sake turo su, kuma mutum zai zauna ya duba sakamakon. Amma a aikin kuɗi, ko magani, ko sunayen masu karɓar haƙƙi, kada ku kusance shi, domin abin da ya kasa fahimta zubarwa yake yi ya wuce. Haka nan share baƙin haruffa a makance kafin a karanta. Da na goge bayit 92 daga fayilolin nan da sun shiga, amma da Mu'azu ya zama Muazu a takarda, sunan ya saɓa da na katinsa, wata rigimar ta taso a gaba. Gyaran gaskiya yana wajen mai turowa. Ka kira shi cikin mutunci, ka ce ga fayil, ga layi, ga bayit ɗin, ga yadda za a adana. Wanda aka kawo wa hujja haka ba ya musu.

Akwai kuma fayil ɗin da da gangan aka lalata shi. Wani bai kai kilobayit ɗaya ba, amma an jera inkiya cikin inkiya, kowace tana kiran ta ƙasanta sau goma, har kalma ɗaya ta maimaitu sau biliyan ta cinye ƙwaƙwalwar na'ura. Wani kuma yakan umarci matsefi ya buɗe wani fayil na cikin sabarka ya zuba abin da ke ciki, harin da ake kira XXE, wanda OWASP ta sa a matsayi na huɗu a jerinta na 2017. Abin da ya sa na kawo shi nan shi ne, ɗaya daga cikin hanyoyin da ɓarawon ke kwashe abin da ya sata ita ce saƙon kuskuren da ka mayar masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In bayanai daga waje suke zuwa, ka kashe DTD da inkiyoyin waje, a Python ka duba defusedxml, kuma cikakken bayanin kuskure ya tsaya a log ɗinka, na waje a ba shi taƙaitacce.

Dattijon nan ya karɓi takinsa daga baya, amma an riga an yi noman farko. Fayil ɗinsa, bayan na cire duk abin da zai nuna ko wane ne, shi ne na farko a wata jaka da nake tafe da ita daga aiki zuwa aiki. A cikinta akwai fayil fanko, da wanda aka yanke a tsakiya, da mai BOM, da shafin HTML da ya yi shigar XML, da mai & tsirara, da mai sunaye cike da ƙ da ɗ da ɓ da hamza iri biyu. Duk shirin da na rubuta sai ya bi ta kansu kafin ya ga bayanan mutane, kuma ba wucewa kawai nake dubawa ba, ina karanta abin da ya faɗa a kan kowanne, in tambayi kaina ko wanda bai san shirin ba zai gane. Ku buɗe taku jakar yau. Sannan ku koma kod ɗin da kuka riga kuka rubuta, ku nemo duk inda except ko catch ya bayyana, ku karanta layin da ke ƙarƙashinsa.